Yadda za ka taimaki wanda ɓarin jikinsa ya shanye ya sake koyon tsayuwa da hidimar kansa

Wani kuskure da masu jinya ke yawan yi shi ne ɗaga majinyaci ta hannun da ya shanye. Tsokokin da ke riƙe kafaɗar sun saki, don haka jan hannun yana iya sa ƙashin ya zame daga gurbinsa, ciwon kuma ya ɗauki watanni. Ka tsaya ta ɓangaren da ya raunana, ɗan baya kaɗan, ka riƙe shi ta ƙugu.

Kafin ya miƙe, ya fara zama a bakin gado na minti 1 ko 2, tafin ƙafafunsa a ƙasa. Wanda ya daɗe a kwance jininsa kan sauka idan ya tashi farat ɗaya, sai jiri ya kwashe shi. In kansa ya daidaita, a zaunar da shi a kujera mai hannu, ya matso bakinta, ya ja ƙafafunsa baya har su ɗan shige ƙarƙashin gwiwa, ya sunkuyo gaba, sannan ya dafa hannun kujerar ya miƙe. Sunkuyawar nan ita ce wuyar aikin, domin tsoron faɗuwa kan sa ya ja jikinsa baya, shi kuwa nauyi in ya tsaya a baya ba ya tasowa. Kada ka bari ya rataye a wuyanka. Ku maimaita sau 5, ya huta, ku sake anjima. Minti 10 sau da yawa a rana ya fi awa guda da zai gajiyar da shi.

Sanda a hannun mai lafiya ake riƙe ta, tsawonta ya kai tsintsiyar hannunsa idan ya tsaya hannu a sake. A matakala, ƙafa mai lafiya ce ke fara hawa, mai rauni kuma ita ke fara sauka.

Wajen sa riga, hannun da ya shanye ne ke fara shiga, shi ne kuma na ƙarshen fita. Zai ɗauki lokaci, maɓalli ɗaya ma sai ya yi ta fama da shi, kuma hannunka zai yi ta ƙaiƙayin ka ƙarasa masa. Ka daure. A banɗaki a sa masa kujera da shimfiɗar roba marar santsi, ya gwada zafin ruwa da hannun mai lafiya, don ɗayan yana iya ƙonewa bai ji ba.

Abinci a zaune cak, kuma kada ya kwanta sai bayan kamar minti 30. Idan yana yawan ƙwarewa, ko muryarsa tana fitowa kamar da ruwa a maƙogwaro, ka sanar da likita, domin abinci na iya zarcewa huhu. In kuma ka ga yana cinye rabin faranti ya bar ɗaya rabin, ba ƙoshi ya yi ba. Ƙwaƙwalwarsa ce ta daina lura da wannan ɓangaren. Ka juya masa farantin, ka kuma faɗa wa likitan gashin ƙashinsa.