Yadda ake cika awoyin aikin sa kai na ƙungiyar National Honor Society a sakandaren Amurka

A makarantun sakandare na Amurka akwai ƙungiyar ɗalibai masu ƙwazo da ake kira National Honor Society, a taƙaice NHS. Haɗaɗɗiyar ƙungiyar shugabannin makarantun sakandare ta ƙasar ce ta kafa ta a 1921, aka buɗe reshen farko a birnin Pittsburgh. Abubuwa huɗu ake dubawa kafin a ɗauki ɗalibi: karatu, hidima, jagoranci da hali. Sai ɗan aji 10 zuwa 12, wato shekaru ukun ƙarshe na sakandare, ke shiga, kuma matsakaicin makinsa kada ya gaza 3.0 cikin 4.0, ko da yake makaranta na iya ɗaga wannan. Bayan an rantsar da ɗalibi, abin da kan kayar da shi ba maki kaɗai ba ne, har da awoyin hidimar al'umma. Galibi ma ba don ya ƙi yin aikin ba, sai don ya yi wanda ba a ƙirgawa, ko ya yi ba tare da shaida ba.

Fara da neman dokokin reshenku

Kundin tsarin ƙungiyar na ƙasa bai yanka adadin awoyi ba. Abin da ya ce shi ne kowane reshe ya shirya aikin hidima aƙalla guda a shekara wanda duk mambobi za su shiga, sannan kowane mamba ya zaɓi nasa na ƙashin kansa. Adadi kuwa reshen makarantarku ke yankewa. Don haka lissafin ɗan maƙwabcinku da ke wata makaranta ba zai amfane ka ba, ko da titi ɗaya ya raba makarantun.

Je wurin malamin da ke kula da reshen ka karɓi dokokin a rubuce. Ka tabbatar da awa nawa ake so, kuma a shekara ne ko a kowane zango. Ka san ranar da ake rufe karɓar takardu. Ka tambaya nawa ne dole a yi tare da reshe, nawa ne na ƙashin kai. Akwai rassan da ke hana a kwashe duka awoyin a wuri guda, akwai kuma masu cewa sai an nemi izini kafin a fara. Na dogon hutun bazara ma ba ko'ina ake karɓarsu ba. Matambayi ba ya ɓata, amma ka yi tambayar ta imel domin amsar ta zauna a rubuce.

Tantance abin da ake ƙirgawa

Nan ne ake yawan asara. Ma'anar hidima a wurinsu ita ce aikin da aka yi don amfanin wasu ba tare da lada ba. In an biya ka ko dala ɗaya, ya fita daga lissafi. In malami ya ba ka maki a kansa, yawancin rassa ba sa karɓa. Rainon ƙanne, kai kaka asibiti, taya baba tsaron shago, duk alheri ne, amma a idonsu haƙƙin gida ne. Yi wa kamfanin kasuwanci aiki kyauta ma ba ya shiga, tunda ribarsa ka ƙara. Awoyin da kotu ta ɗora wa yaro a matsayin horo su ma ba a saba karɓarsu ba.

Batun masallaci yana buƙatar lura, musamman ga iyalan Hausawa da ke zaune a wurare irin su Bronx a New York, inda hidimar yaro ta fi yawa a can. Rassa da dama suna raba ibada da hidima. Kiran salla ko jan karatu, ibada ce a wurinsu. Raba buhunan abinci ga mabuƙata daga rumbun masallaci, tattara rigunan sanyi, ko koya wa ƙananan yara lissafi da yamma, wannan hidima ce ko a wane gini aka yi ta. Rabon abincin buɗa baki a watan azumi yana tsakiya: wani malamin zai karɓa in ƙofa a buɗe take ga kowa, wani zai ƙi. Haka dokar take ga coci. Tambaya tun kafin azumi ya kama, kada ka kwashe dare talatin kana ɗaukar tire sannan a ce maka babu.

Lokacin tafiya da dawowa, hutun cin abinci da awoyin barci a sansani yawanci ana cire su. Kyautar kaya, kamar abincin gwangwani, wasu rassan na musanya ta da awa ɗaya ko biyu, amma da iyaka.

Nemi wuri tun makon farko

Wuraren da suka saba karɓar ɗalibai su ne rumbunan abincin agaji, ɗakunan karatu na gari, gidajen kula da tsofaffi, matsugunan dabbobi, hukumar wuraren shaƙatawa da kuma Red Cross. Kowane da sharaɗinsa. Habitat for Humanity, masu gina wa marasa ƙarfi gidaje, ba sa barin ɗan ƙasa da shekara 16 a wurin gini, wanda bai kai 18 ba kuma ba ya taɓa injinan yankan katako. Asibitoci suna neman takardar rigakafi, gwajin tarin fuka da zaman horo, abin da kan ci makonni kafin ka yi awa ɗaya, kuma suna so ka ɗau alƙawarin watanni. Kusan ko'ina wanda bai kai 18 ba sai da sa hannun iyaye.

Mafi sauƙi ga wanda ba shi da mai kai shi a mota shi ne koyar da 'yan ƙananan azuzuwa a cikin makarantarsa bayan an tashi. Ba kuɗin mota, kuma malamin da zai sa hannu yana nan kullum.

Wuri ɗaya ko biyu da za ka riƙa zuwa a kai a kai sun fi tsinci nan tsinci can. Mai kula da wurin zai san ka, kuma shi ne gobe zai rubuta maka takardar yabo idan ka zo neman jami'a.

Raba awoyin a kan kalanda

A ce reshenku na neman awa 20 a shekara. Shekarar karatu kusan mako 36 ce. Awa biyu ranar Asabar duk bayan mako biyu, ka gama cikin wata biyar. Sa wa kanka wa'adi wata guda kafin na makaranta, ka kuma ƙara awa biyu ko uku a kan abin da aka nema, saboda akan soke wasu wajen tantancewa. Da sanyin safiya ake kama fara: a watan Afrilu da Mayu kowa ke rububin gurbi, wuraren sun cika, ga jarrabawa a gaba. Litinin ta uku a watan Janairu, ranar tunawa da Martin Luther King, yawancin makarantu na hutu kuma ana shirya ayyukan hidima a garuruwa da yawa. Rana ce ta samun awa huɗu ko biyar a tashi ɗaya.

Sa hannu a ranar da aka yi aikin

Fom ɗin da ake rubuta awoyin a kai yana neman kwanan wata, sunan ƙungiyar, lokacin farawa da na tashi, bayanin aikin, sunan mai kula, lambar wayarsa ko imel, da sa hannunsa. Ka tafi da shi da biro a jaka. Kafin ka cire safar hannu ka nufi ƙofa, tsaya gaban mai kula ya sa hannu. Masu kula da irin waɗannan wuraren su ma da yawa 'yan sa kai ne, bayan wata uku wataƙila ya bar wurin, wanda ya gaje shi kuma bai taɓa ganin fuskarka ba.

A wurin bayani kada ka rubuta “na taimaka”. Rubuta abin da hannunka ya yi: jera gwangwanaye a kwali, cika jaka 40, share ɗakin ajiya, daga 9:00 zuwa 11:30. Wannan awa biyu da rabi ce, kada ka mayar da ita uku. Iyaye ko ɗalibi ɗan'uwanka ba sa sa hannu. Ɗauki hoton takardar da waya kafin ka miƙa. In makarantarku na amfani da manhaja irin x2VOL, ka shigar da awoyin a daren, ka duba imel ɗin mai kula harafi bayan harafi, domin saƙon tabbatarwa can zai je. Kuskuren harafi ɗaya kan bar awoyi a rataye har wa'adi ya wuce.

Tambayi kuma ko awa ɗaya na iya biyan buƙata biyu. Jihar Maryland na neman awa 75 na hidima kafin a kammala sakandare, tallafin karatu na Bright Futures a Florida ma yana da nasa adadin. Wasu rassan sun yarda a haɗa, wasu sun ce awar da aka kai wa wata ƙungiya ba ta dawowa NHS.

In ka ga ba za ka cika ba

Gaya wa malamin tun da sauran lokaci, ka faɗi dalili: rashin lafiya, rasuwa, tafiya gida ko aikin da iyali suka dogara da shi. Ka'ida ita ce a ba ka gargaɗi a rubuce da lokacin gyarawa. In abin ya kai ga kora, kwamitin malamai biyar da shugaban makaranta ya naɗa ke yanke hukunci, kuma kana da haƙƙin bayyana a gabansu ka kare kanka kafin su kaɗa ƙuri'a. Wanda aka kora ba ya sake zama mamba, ko ya canza makaranta. Ƙirƙirar sa hannu ko ƙara awoyi ya fi gaza cikawa muni nesa ba kusa ba, don ya taɓa hali, kuma malamai kan buga waya su bincika.

Wanda iyalinsa suka ƙaura tsakiyar shekara ya karɓi wasiƙa daga malamin tsohon reshe ko shugaban makaranta, tare da kwafin takardun awoyinsa. Da wasiƙar sabon reshe zai karɓe shi a matsayin mamba, amma adadin awoyinsu zai bi, ko da ya ninka na inda ya baro.