Yadda ake kama kifin walleye da kifin roba bayan hunturu

Da zarar ƙanƙara ta narke, daga ƙarshen Maris zuwa Afrilu, walleye, wani kifin tafki da kogi na Arewacin Amurka, kan baro Tafkin Erie ya hauro Kogin Detroit, da ke tsakanin Amurka da Kanada, don zuba ƙwai. Ɗumin ruwan a lokacin yana tsakanin digiri 6 zuwa 10 ne a ma'aunin Salshiyas, kifin kuma yana lafe a ƙasa, ba ya son wahalar bin abinci. Yawancin sababbin masuntan da na ga sun koma gida hannu rabbana, wannan ne ba su riƙe ba.

Fara da ƙugiya mai kan dalma. A wannan kogin ruwa na gudu da ƙarfi, saboda haka giram 14 ne mafi ƙaranci, idan iska ta taso ka hau zuwa 21 ko 28. Kifin roban, wato abincin yaudarar da za ka soka a ƙugiyar, ya zama siriri, inci 3 zuwa 4, ko kuma tsutsar roba. In ruwa ya gurɓace sa launi mai ɗaukar ido, kamar tsanwa ko ruwan lemo. In ya yi garau, baƙi ko ƙasa-ƙasa. Launi uku sun ishe ka, kada ka zubar da kuɗi a kan ashirin, gara ka ƙaro ƙugiyoyi domin duwatsu za su cinye maka da yawa. Kafin ka soka, gwada ƙugiyar a jikin roban ka ga inda bakinta zai fito. Idan roban ya zauna a karkace, juyi zai riƙa yi a cikin ruwa. Zare shi ka sake.

Zare kuwa, ni saƙaƙƙe kawai nake yarda da shi, siriri, saboda ba ya miƙewa kamar roba, kuma yana kawo maka kowane motsi har tafin hannu.

To ga inda ake faɗuwa, inda ni ma na ɓata kakar farko gaba ɗaya. Saki zaren har ka ji dalmar ta daki ƙasa. Ɗaga kan sandar kamar taƙi ɗaya, ba fiye ba, sannan ka sauke ta a hankali, zaren yana miƙe, hannunka na bin nauyin dalmar har ta sake taɓa ƙasa. A kan saukar nan kifin ke kamawa. Wanda ya saki zaren ya yi sako-sako ba zai ji komai ba, kifi ya zuƙi roba ya tofar shi bai sani ba. Ni da fizga nake yi sama har kamu biyu, ina ɗauke abincin daga bakin kifin da sanyi ya kashe wa jiki.

Kuma dole zaren ya tsaya tsaye car a ƙarƙashin sanda. Ruwa na tafiya da ƙugiya, iska na tura jirgin ruwan da kake ciki wani wajen, don haka mai riƙe da ƙaramin injin lantarkin jirgin ya juya goshin jirgi ga iska, ya riƙa bin zaren. Da ka ga ya fara karkata, ko ka daina jin ƙasa, ƙara nauyi nan take. Kamun ba ya zuwa da ƙarfi: wani lokaci ɗan ƙwanƙwasa ne, wani lokaci nauyi ne kawai kamar ka kamo tsumma. Ko wanne ka ji, ɗaga da sauri.

Sauran mai sauƙi ne. Jawo shi ba tare da sassautawa ba, ka tare da koma, ka yi hankali da haƙoransa da ƙayar bayansa. Sassafe da gab da magariba sun fi, domin idonsa na gani sosai a duhu-duhu. Ka tuna iyakar Amurka da Kanada ta ratsa tsakiyar kogin, lasisin kamun kifi na jihar Michigan ta Amurka ba ya aiki a ɓangaren Ontario na Kanada.