Kafin Ka Ƙara wa Tsohuwar Laftof RAM

Ba kowane nauyin kwamfuta ne ƙarin RAM (ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe ayyukan da take kan yi) ke magancewa ba, don haka fara da gwaji. Buɗe manhajojin da ka saba aiki da su, danna Ctrl, Shift da Esc tare don buɗe Task Manager na Windows, ka shiga Performance sannan Memory. Idan amfanin RAM yana haura kashi 80 cikin 100 a kai a kai, lallai ta yi ƙaranci. Idan kuwa faifan ajiyar bayanai (Disk) ne ke maƙale a kashi 100 alhali RAM na da sarari, tsohon faifai mai juyawa ne matsalar, kuma sauya shi da SSD (ma'ajiyar bayanai mai sauri da ba ta juyawa) ya fi amfani nesa ba kusa ba.

Sai ka duba littafin na'urar don sanin iyakar da take ɗauka. Wasu siraran laftof an liƙe RAM ɗinsu da dalma, babu ramin ƙari. Windows mai 32-bit kuma ba ya amfani da fiye da gigabait 4, ko nawa ka saka.

Wajen saye ake yawan kuskure. Laftof na ɗaukar gajeren samfurin SO-DIMM, kuma RAM nau'in DDR3 ba ya shiga ramin nau'in DDR4 domin tsagarsu ba wuri ɗaya take ba. DDR3L na aiki da volt 1.35, DDR3 kuwa 1.5, injin da ke buƙatar na farko yana iya ƙin tashi da na biyu. Daga gigabait 4 zuwa 8 ake jin bambanci sosai.

Wajen sakawa, kashe na'urar, cire caja da batir, taɓa ƙarfe tukuna don sauke lantarkin da ke taruwa a jikinka. Zura RAM ɗin a karkace, ka danna ƙasa har maƙallai biyu su kama. Idan allo ya ƙi kawo haske, cire ka sake zaunar da shi.