Idan bash ta ce "command not found", kada ka gaggauta sake girkawa

Masu koyon Linux a Nima da Mamobi, da zarar sun ga wannan saƙo, sai su sake sauke manhajar, data ta ƙare a banza. Galibi manhajar tana nan daram, bash, mai karɓar umarnin da kake bugawa a terminal, ita ce ba ta san inda take ba. Ba ta bincika kwamfuta gaba ɗaya. Jerin foldojin da ake kira PATH kawai take bi, daga hagu zuwa dama, ta ɗauki na farkon da ta tarar.

Fara duba rubutunka, domin Linux tana bambanta babban baƙi da ƙarami: `Git` daban, `git` daban. A Ubuntu 20.04 zuwa sama kuma `python3` ake kira, ba `python` ba.

Sai ka buga `echo $PATH`, ka nemo mazaunin manhajar da `find / -name sunanta 2>/dev/null` (ka sa sunan manhajar a wurin `sunanta`). Abin da aka girka da `pip install --user` yana sauka a `~/.local/bin`, foldar da sau da yawa ba ta cikin jerin. Ƙara wannan layi a ƙarshen `~/.bashrc`, fayil ɗin da bash ke karantawa in ka buɗe terminal:

`export PATH="$HOME/.local/bin:$PATH"`

sannan ka buga `source ~/.bashrc`. Hattara da wutsiyar nan, `:$PATH`. In ka manta ta, ka shafe tsohon jerin ke nan, har `ls` da `nano` su yi ɓatan dabo. Mafita ita ce `export PATH=/usr/bin:/bin`, ka buɗe fayil ɗin ka gyara. Mai Mac kuwa, ko da na hannu ne daga Circle, in macOS ɗinsa na 2019 ne zuwa sama, galibi zsh ake ba shi a madadin bash, don haka `~/.zshrc` zai taɓa.

Fayil ɗin da ke foldar da kake ciki sai da `./` a gabansa. In saƙon ya koma "Permission denied", an ci gaba: an gan shi, izini ya rage, `chmod +x` ya wadatar. `echo $?` na rarrabewa, 127 ba a samu ba, 126 an samu ya ƙi tashi.

In umarni yana aiki amma ya ɓace da `sudo`, mai gudanar da umarni da ikon admin, to sudo na da jerinta a `/etc/sudoers`. Sai ka ba ta cikakkiyar hanyar fayil ɗin. In ka matsar da manhaja bash na ta neman tsohon wurin, `hash -r`.

Inda ake sake girkawa da gaske shi ne dumsor ya ɗauke wuta ana tsakiyar `apt install`. Nan ma fara da `sudo dpkg --configure -a`, sannan `sudo apt -f install`.