Kayan Sautin Baba: Kurakuran da Muke Yi, Mu da Muka Gaji Son Rediyo da Talabijin

A gidanmu na Tudun Wadar Zariya akwai wani lungu a falon Baba da ba a yarda yaro ya raɓa ba. Nan aka jera amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, mai fuskar azurfa, da garmaho, da na'urar kaset, sai manyan sifiku biyu na katako da Inna ta saƙa wa mayafi da koreshi. Baba ma'aikacin jirgin ƙasa ne, da kuɗin Udoji, ƙarin albashin da gwamnati ta yi wa ma'aikata, ya haɗa su a 1975. Ranar Asabar bayan la'asar yakan yaye mayafin, ya goge fuskar da tsumma mai laushi, ya ɗora faifai, ya sauke allura a hankali kamar mai ajiye ƙwai a kwando. Ni aikina riƙe masa bangon faifan. Tun daga nan na kamu.

Yawancin waɗanda na sani a wannan harka, daga Samaru har cikin Birni, ta gida suka shigo. Wani mahaifinsa malamin jami'a ne da ya dawo daga karatu a Ingila da akwatunan kaya, wani kawunsa ne ya yi tsarabar rediyo daga Jidda, wani kuma ya tashi ne a shagon gyaran yayansa a Sabon Gari. Gida ne ya ba mu kunne. Sai dai daga gidan ne kuma muka kwaso wasu ɗabi'u masu kashe kaya, da wasu masu taɓa zumunci, kuma saboda daga hannun iyaye muka gan su ba ma ɗaukar su a kuskure.

Bari in fara da wanda ya fi mini ciwo. Bayan rasuwar Baba kayan sun yi shekara 11 a kulle a ɗakin ajiya. Ranar da na fito da su, zumuɗi bai bar ni na jira ba. Na share ƙurar sama, na haɗa sifikun Baba, na soka waya a bango. Fitilar fuskar ta kama, na ji wani "ɗum" mai nauyi, sai ƙauri, sai siririn hayaƙi ta ramukan sama. Amfilifayar ta tafi, ta tafi da sifika ɗaya. A cikin irin waɗannan na'urori akwai kafasita masu ɗauke da ruwan sinadari, in sun daɗe ba a ba su wuta ba sai su bushe ko su lalace, in cikakkiyar wuta ta same su farat ɗaya sai su fashe ko su ƙona abin da ke kusa. Da mai gyara ya buɗe, har gidan zanzaro muka tarar a kan allon, ga kashin ɓera. Abin da ya kamata in yi shi ne in kai masa ita tun kafin ta ga wuta. Mai gyaran da ya san aikinsa yakan tsaftace ciki, ya ba ta wuta ta cikin ƙwan fitila irin na da mai zare: in akwai gajeriyar hanya, wato inda wuta ta haɗe a ciki, ƙwan zai haska sosai ya shanye wutar, na'urar ta tsira. Sannan a fara gwaji da wata sifika mai araha wadda ko ta ƙone ba za a yi kuka ba. Na'urar kaset kuwa, bel ɗinta na roba yakan narke ya zama kamar kwalta, kada a saka mata kaset ɗin tafsiri ko na bikin gida da ba shi da na biyu sai an canza shi. Haka soson da ke kewaye da bakin sifika, yakan ruɓe, kana taɓawa ya marmashe. Ana samun sabo a liƙa, ba dalilin jefar da sifika ba ne.

Na biyu, rashin leƙa bayan na'ura kafin a ba ta wuta. Wutarmu bolt 230 ce, tana juyawa sau 50 a daƙiƙa. Ta Amurka bolt 120 ce mai juyi 60, ta Japan bolt 100. Kayan gwanjo da kayan tsaraba daga ko'ina suke zuwa, kuma da yawa an riga an canza musu kan fulogi a kasuwa, don haka fulogin ba shaida ba ne. A karanta ɗan allon da ke baya. In akwai makunnin zaɓen ƙarfin wuta a juya shi zuwa 220 ko 240, in babu a sayi taransifoma mai rage wuta wadda ƙarfinta ya zarce abin da na'urar ke ci. Amma taransifoma ba ta canza juyi. Garmahon da motarsa ke bin juyin wutar bango, in na Amurka ne, a nan zai rage gudu da kashi ɗaya cikin shida, ka ji muryar mawaƙi ta yi ƙasa kamar wanda bai farka ba. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa ake son irin su Technics SL-1200 MK2 da ya fito a 1979, don shi da kansa yake daidaita gudunsa.

Sai ɗabi'un da muka gada kai tsaye. Mayafin nan na Inna yana da amfani, wanda ya san hunturun Zariya ya san ƙura ba ta jin rufe taga. Kuskuren shi ne barin sa a kai alhali na'ura tana aiki, ko ɗora dikoda da littattafai a kan ramukan iska. Zafi ne babban mai rage wa kayan lantarki kwana. A yaye kafin a kunna, a jira ta huce kafin a rufe. Akwai kuma ɗora kwabo a kan hannun garmaho in allura tana tsalle. Kusan kowane gida an yi, ni ma na ga Baba yana yi. Yawancin allurai na zamani nauyin da suke so bai wuce giram 2 ko kusa da haka ba, kwabon nan kuwa yana ninka shi, sai allurar ta riƙa nome layukan faifan, kuma abin da ta nome ba ya dawowa. In allura na tsalle, ko dai ta cinye, ko faifan ya yi datti, ko teburin ya karkace. Sabuwar allura da ɗan ma'aunin nauyi sun fi kowane faifai mai kyau araha. Tsofaffin faifai masu nauyi masu juyi 78 a minti, waɗanda ke fashewa kamar tangaran, allurarsu daban ce mai kauri, kuma ba a goge su da sifirit, narkar da su yake. Faifai a tsaye ake jera shi, nesa da taga, don zafin Afrilu yana lanƙwasa shi.

Maganar wuta ba sai na tsawaita ba, kowa ya san halin da ake ciki. A sa sitabilaiza mai jinkirin kunnawa, domin wutar da ta dawo da ƙarfi ta same ta ita tukuna. Kada a ɗora kaya masu daraja a kan ƙaramin janareta. Da damina, da zarar hadari ya haɗu, a zare fulogi a kuma kwance wayar eriya da ta tauraron ɗan'adam, don tsawa ta wayar dish ma tana shigowa. Kashe makunni kaɗai bai isa ba.

Yanzu ga wanda ya fi duka nauyi a wurina, kuma ba a faɗar sa a majalisar masu sauti. Da yawanmu muna ɗauka tunda mu ne muka zauna kusa da mahaifi muna sauraro, kayan namu ne. Sai a gama zaman makoki mutum ya kira mai a-daidaita-sahu ya kwashe, yana cewa ai sauran ba su san darajarsu ba. Ba haka shari'a ta ce ba. Amfilifaya da garmaho da talabijin duk cikin dukiyar mamaci suke, kamar gona da gida. Matarsa na da tumuni in akwai 'ya'ya, ɗiya mace na da rabin rabon ɗa namiji, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i. Rashin sanin darajar abu ba ya cire wa mutum haƙƙinsa a ciki, hasali ma wanda ya sani shi nauyin faɗar gaskiya ya hau. Na san gidan da ƙanwa ta yi shekaru ba ta taka gidan yayanta ba, ba don kuɗin ba, sai don ta ji a bakin wani nawa ya sayar da garmahon da ya ce musu tarkace ne. Gyaran ba wuya: a kira wanda ya san kayan kuma ba shi da rabo, ya yi musu kuɗi a gaban kowa, mai so ya saya daga cikin rabonsa ko ya biya sauran. Ni sai da Yaya Babba ta ce mini, "Ɗauki, mun yafe maka, kai ne za ka riƙe su," a gaban Baffa da sauran ƙannena, sannan hankalina ya kwanta. Kishiyar wannan kuskure ita ce rabon da ke kashe kaya, a ba wannan sifika ɗaya ya tafi Kaduna, wancan ɗaya ya tafi Funtuwa. Sifiku biyu abu guda ne, kamar takalmi.

Daga iyaye kuma muka gaji riƙon suna. Baba yakan ce in ba National ba, to ba rediyo ba ne. A zamaninsa yana da hujja. Amma kamfanin ya ajiye sunan National a 2008 ya koma Panasonic gaba ɗaya, sannan sunaye irin su Sansui da Akai da ake gani a kan sababbin kaya, kamfanonin Japan da suka yi musu suna sun daɗe da durƙushewa, wasu ne ke amfani da sunan. A sayi abu don abin da kunne ya ji, ba don tambari ba. Haka manyan lambobin da ake bugawa a kwali, wat 5,000 da rubutun PMPO a gefe, ba ma'auni ba ne na gaskiya. RMS, ma'aunin ƙarfin da na'ura ke iya bayarwa a kai a kai, shi ake dubawa, kuma amfilifaya mai wat 40 na gaskiya ta ishi falo. A kula da lodin sifiku ma: da om ake auna shi, biyu masu om 8 in aka haɗa su a baki ɗaya sun koma 4, raguwar lambar kuwa ƙarin nauyi ne ga amfilifaya, in aka ƙara wasu sai amfilifaya ta yi zafi ta ƙone. Ranar suna ko biki, in ƙanne suka zo aron kayan don a kafa a tsakar gida, a yi haƙuri a ba su kuɗin hayar na masu biki. Murɗe ƙara har sauti ya fara tsagewa shi ke ƙona ƙananan sifikun sama.

A ɓangaren talabijin, masu tara tsofaffi masu ƙeya irin su Sony Trinitron, wadda aka fara yi a 1968, su sani ba a buɗe bayanta a gida. Kwalbar hoton da ke cikinta tana aiki da dubban bolt, kuma tana riƙe wuta ko bayan an zare fulogi. Su kuma lura da tsarin launi: Najeriya PAL take bi, tsofaffin kayan Amurka da Japan kuwa NTSC, in aka haɗa su ba daidai ba hoto zai fito baƙi da fari ko ya riƙa birgima. Masu neman talabijin mai shafaffen allo na filasma irin Pioneer Kuro kuwa, an daina yin su, Panasonic ma ta daina a 2014, don haka kayan gyaransu sai na cire-cire. Ita filasma da talabijin mai allon OLED ba sa son hoto mai tsayawa wuri ɗaya. A gidan da ake barin tasha guda tun safe har dare, tambarin tashar zai iya zaunawa a kusurwa ya ƙi tafiya. Irin wannan gida talabijin ta LED ta fi dacewa da falon iyali. Kuma duk sabuwar talabijin a cire ta daga tsarin shago mai ƙyalli, a mai da ita na kallon fim, launin fatar mutum zai dawo daidai.

Akwai kuskuren da maigida ke yi wa matarsa. Ya shigo da kwali da daddare, ya ce aboki ne ya ba shi ajiya, ko ya faɗi rabin kuɗin. Ita kuwa ta san kuɗin makaranta bai cika ba. Daga ranar ta tsani kayan, kuma da gaskiyarta. Ka faɗa mata kuɗin, ku yanke abin da za a iya warewa, in wani sabo zai shigo wani tsoho ya fita. Za ka ma tarar shawararta tana gyara sauti, don falo mai tayil da bango tsirara amsa-kuwwa yake yi, kafet da labule masu kauri da kujerun da take so su ne maganinsa. A janye sifiku kaɗan daga bango, a fitar da su daga kusurwa. Sannan gidajenmu a manne suke, akwai tsoho, akwai mai jego, akwai masallaci a bakin layi. Baba da ya ji an taɓa lasifikar masallaci yake ɗage allura, ko da waƙar ba ta kai rabi ba.

Na daɗe ina hana yarana shiga ɗakin da na jera kayan, ina tsoron yatsa a tsakiyar sifika. Wata rana 'yata ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Abba, wai me ke cikin baƙin farantin nan?" Na tuna ni ma da bangon faifai aka fara ba ni. Yanzu ita ke riƙe ɗan littafin da muke rubuta sunan kowace na'ura, da shekarar da ta shigo gidan, da kuɗinta, da wace ce ta Baba wace ce na saya, don kada a yi duhu ranar da ba na nan. Na koya mata kama faifai ta gefe, da kunna amfilifaya a ƙarshe da kashe ta a farko. Makon jiya ta ɗora ma'auni ƙarƙashin allura, ta murɗa nauyin baya har ya nuna giram 2, ta ɗago ta ce, "Abba, ya yi?" Na duba, na ce ta sauke.