Yadda za ka tono rayuwar ƙauyen jihohin kudu na ƙasar Amurka a da

In kana son sanin yadda mutanen ƙauyen suka rayu, to fara da kotun gundumar, don can ake aje takardun fili da aure da wasiyya, kuma a wasiyyan da takardun gado ne za ka ga an jera bayi da sunansu da kuɗinsu kamar dabbobi, wallahi abin na sosa rai. Daganan ka shiga FamilySearch, shafin intanet na binciken tarihin zuri'a, kyauta ne, ka nemi ƙidayar 1870, ita ce ta farko da ta rubuta 'yantattun bayi da cikakken suna. Kar ka wahala kan ta 1890, gobara ta ci mafi yawanta a 1921. In ka dace da littafin bashin mai kanti kuma riƙe shi gam, nan ne za ka ga manomi ya ci garin masara da gishiri bashi sai an cire auduga ya biya.