Kurakuran da aka fi yi a tseren Backyard Ultra, da yadda ake gyara su

Gary Cantrell, wanda aka fi sani da Lazarus Lake, shi ne ya fara shirya wannan tseren gudun ƙafa a 2011 a filinsa da ke Bell Buckle, a jihar Tenesi ta Amurka, kuma ƙa'idarsa ba ta da wuyar fahimta. A farkon kowace awa ana kaɗa ƙararrawa, kowa ya tashi ya yi zagayen kilomita 6.706, ya dawo kafin awar ta cika, sannan a sake tashi tare. An zaɓi wannan tsawo ne domin zagaye 24 su ba da mil 100 cif a kwana guda. Ba a ƙayyade inda za a tsaya ba, ana ci gaba ne har sai mutum ɗaya ya rage, shi ma ba zai ci gasar ba sai ya kammala zagaye ɗaya shi kaɗai.

Kuskuren da ya fi kayar da sababbin shiga shi ne zuwa da tunanin tseren da suka saba, inda sauri ke kawo nasara. A nan wanda ya dawo a minti 38 da wanda ya dawo a minti 55 matsayinsu ɗaya, domin zagaye ɗaya aka rubuta wa kowannensu, kuma rarar mintocin ba ajiya ba ce da za a cira gobe. Mai garaje yana sayen hutun minti 22 da ƙarfin cinyoyinsa, ya zauna har jikinsa ya huce ya sage, sannan a tashe shi ya sake dumama shi. Idan aka raba awa guda a kan tsawon zagayen, za a ga cewa kusan minti 9 ne ga kowane kilomita, wato saurin da bai fi tafiya mai ƙarfi da ɗan sassarfa ba. Gyaran shi ne mutum ya nemi dawowa tsakanin minti 48 zuwa 52, ya haɗa tafiya da gudu tun daga zagayen farko, tun ƙafafunsa ba su nemi hakan ba, ya kuma hau kowane tudu da tafiya maimakon gudu. Sai dai sannu ma tana da iyaka, domin wanda ya saba dawowa a minti 58 ba ya samun damar cin abinci ko sauya safa, zagaye na gaba ya fi yi masa nauyi, daga nan kuma da wuya ya farfaɗo.

Akwai wanda ƙafarsa lafiya lau amma sakaci ya fitar da shi. Ana busa usur sau uku idan saura minti uku, sau biyu idan saura biyu, sau ɗaya idan saura ɗaya, kuma duk wanda ƙararrawa ta same shi a wajen shingen tashi, wato wurin da aka killace don masu tsere su taru kafin su tashi, ya fita ke nan, ko da takalmi yake ɗaurawa. Ba a yarda da sanda ba, ba a kuma karɓar taimako a kan hanya, don haka duk wata buƙata a tanti ake biyan ta. Ya kamata mai taimaka masa ya jera komai tun bai iso ba: kujera a buɗe, ruwa mai ɗan gishiri, abinci mai laushi a ɗan kwano, safa busasshiya, tocila da sabon batir kafin magariba. Ɗan zafin da ya ji a diddige a zagaye na 6, idan bai rufe shi da filasta a lokacin ba, shi ne bororon da zai tsayar da shi a na 20. Barci kuwa ba a jira sai ya ci ƙarfin mutum, ana satar minti biyar ko shida ne tun daren farko.

Wani kuskuren a zuciya yake. Wanda ya ɗaura wa kansa niyyar zagaye 24 yakan ji jikinsa ya mutu da zarar ya cika su, ko da akwai sauran ƙarfi. Shawarar dainawa kuma bai kamata a yanke ta a kan kujera da ƙarfe uku na dare ba. Ya tashi ya shiga shinge tukuna, domin sau da yawa fitowar rana kan dawo da abin da duhu ya ɗauke.

Abin da na fi so masu shiga su gane shi ne matsayin abokin karawa. Tunda ana tsayar da gasar da zarar mutum na ƙarshe ya yi zagayensa shi kaɗai, babu wanda zai wuce na biyunsa da fiye da zagaye ɗaya, shi ya sa ake kiran na biyun mataimaki. Harvey Lewis ya kai zagaye 108 a Bell Buckle a 2023 ne saboda Ihor Verys ya raka shi har 107, kuma Phil Gore ya kai 119 a Ostireliya a watan Yunin 2025, kusan kilomita 798, saboda Sam Harvey ya jure har 118. Wanda ya ɓata ƙarfinsa wajen karya gwiwar sauran tun da wuri, igiyar kansa yake gajartawa. Maggie Guterl ma da ta cinye gasar Bell Buckle ta 2019 da zagaye 60, tare da maza ta kara, domin ba a raba rukuni.

Wannan ya fi fitowa fili a gasar ƙasashe, wadda aka fara a 2020, inda kowace ƙasa ke fitar da mutum 15 su yi tseren a gida, a tara zagayen dukkansu a matsayin makin ƙasar. Tawagar da ta zuba ido kan gwarzonta kaɗai ta yi kuskuren lissafi, domin zagaye biyar da mutum na goma sha biyar ya ƙara daidai suke da biyar ɗin na farko. A 2024 'yan Beljiyam uku, Merijn Geerts da Ivo Steyaert da Frank Gielen, sun kai zagaye 110 suka tsaya tare, babu wanda ya yi zagayen kaɗaici a cikinsu, amma su ukun kawai sun tara wa ƙasarsu maki 330.